Nababa da Motar Godiya

Nababa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo, don haka ba mai hana ni faɗin abin da na sani a kansa. Sunana Safara'u. Sana'ata suyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa a nan garinmu, gabas da Gezawa kaɗan. Mutane suna cewa ina da faɗa. To ina da shi. Gidan da aka haifi Nababa dole a samu mai faɗa, in ba haka ba da tuni an kwashe mu har da tukwane.

Tun yana yaro shi mutumin jakai ne. A ƙasarmu gona ba ta hutawa. Iyakar wannan tana jikin ta wancan, ba daji ba saura, wadda kakanka ya noma ita za ka noma, kuma in ba ka ba ta taki ba, ba za ta ba ka gero ba. To a harkar taki Nababa ya tashi. Da rani sai ya ɗaura wa jakai itace ko kara ya kora su birni, ya sayar, ya cika mangaloli da takin bola, toka da kashin awaki da sharar gidaje, ya koro su gida. Manoma su saya, ya bi gonaki yana zubewa tsibi-tsibi. Yara suna kiransa Nababa Mai Ƙamshi, shi kuwa sai dariya. Ban taɓa ganin mutumin da tsokana ba ta kamawa irin wannan bawan Allah ba.

Aibinsa ɗaya, kunya. Ba irin wadda ake yaba wa yaro ba, irin wadda za a taka maka ƙafa kai ka ce yi haƙuri. Manomi ya karɓi taki ya ce sai kaka, kaka ta zo ta wuce, in Nababa ya hango shi sai ya canja hanya don kada mutumin ya ji nauyi. Ni ce nake yafa mayafi in bi gida-gida.

Muna da kawu a birni, Alhaji Khalilu, ƙanen Innarmu. Da tallan yadi a ka ya fara, Allah ya buɗa masa ya zama dilan atamfa, ya gina bene, ya je Makka ya sake komawa. Mutum ne mai sakin hannu, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma yana son a ji. In ya ba ka hula, so yake ka sa ta ranar Juma'a ka bi ta ƙofar kantinsa. 'Yarsa Huseina ce ta ce ita fa duk samarin birni ba wanda ya yi mata sai Nababa, wanda ke ɗora ta a jaki tun suna yara in an kawo ta hutu. Kawu ya yi dariya ya ce jini ne, ya ɗaura musu aure. Daga ranar Nababa ya shiga uku. Da kawu ne kawai, yanzu ga kawu ga suruki a jikin mutum ɗaya. Tun daga bakin layi yake cire takalmi. Ba ya cin abinci a gidan, ba ya shan ruwa, ba ya ɗaga kai. Da Kawu zai ce masa yau rana daga yamma ta fito, cewa zai yi, "Haka ne, Kawu."

Sai ga shekarun nan na wahala, da naira ta faɗi, ake layin sabulu da gishiri, masaƙu suka riƙa sallamar ma'aikata suna dawo mana ƙauye da katifa a ka. Takin zamani ya ɓace, in ma ka gan shi ya fi ƙarfin talaka. Kowa ya juyo kan takin bola. Tun da asuba manoma suke tsaye a ƙofar gidan Nababa, jaki kuwa sawu ɗaya yake yi a yini, in ka matsa masa ya kwanta a tsakiyar hanya.

Ana cikin haka Kawu ya aiko a kira shi. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura, fara mai bodin katako, wadda ake kai wa 'yan kasuwa dilolin atamfa da ita. Ya ce zai sayar, kuma gara ɗan gida ya amfana. Ya faɗi kuɗi, Nababa yana durƙushe ya ce haka ne. Ko tayi bai yi ba! Ya dawo ya sayar da jakansa kakaf, ya sayar da bajiman da ya shekara yana kiwo. Huseina ta ba da awakinta, ni na ba da kwasar adashina, ina faɗa ina bayarwa. Da kuɗi suka haɗu sai ga wata sabuwa, wai shi ba zai iya miƙa wa surukinsa kuɗi hannu da hannu ba kamar a kasuwa. Sai ya roƙi Basiru, dillalin da ya sayar masa da bajiman, ya kai masa. Basiru ya kai, ya dawo da makulli da saƙo.

Ina tsakar gidansu ina taya Huseina ɓarar gyaɗa Nababa ya shigo daga zaure da makullin a hannu, yana ta sosa ƙeya.

"Yaya," ya ce, "Kawu ya ce a ce kyauta ya ba ni."

"Kyautar me?"

"Motar. Wai in aka ji yana sayar da kayansa, kasuwa za ta ce ya fara karyewa, masu ba shi kaya su janye. Ya ɗaure Basiru da amana, mu ma ya ce mu riƙe."

Na ajiye faifai. "To jakanka fa, su ma kyauta ka ba shi? Ya rubuta maka takardar ciniki?"

"Haba Yaya! In ce wa Kawu ya rubuta min takarda? Da wane bakin?"

Na buɗe baki zan sauke masa kwandon bala'i, sai Huseina ta kama gefen zanena, kanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, ki rufa wa Baba asiri." Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona komai ba. Na haɗiye maganata, da ƙyar ta wuce.

Kun dai san ƙauye, ba a yi wa mutum kyautar mota a zauna. Kafin ka ce me, Liman da mai unguwa da dattawa sun shirya tafiya birni godiya. Aka kama kaji, aka auna gero, aka cika ƙwarya da ƙwan zabi. Sannan aka aiko wai Safara'u ta soya ƙuli-ƙuli mai kyau ta haɗa da man gyaɗa. Jama'a, ku ji fa! Adashina yana cikin motar, kuma ni zan soya ƙulin godiya. Na soya, amma duk wanda ya ci ƙulin nan da takaicina ya ci. Aka samo direba daga Gezawa, aka loda dattawa a bayan motar da aka saya da guminmu, suka je suka yi godiya, Liman ya yi doguwar addu'a. Kawu ya ce ai ba komai, Nababa ɗansa ne. Maroƙa suka samu abin yi. Duk bikin da Kawu ya shiga sai ka ji ana cewa, "Khalilu mai kyautar mota!"

Motar dai ta yi albarka, wannan ba musu. Nababa ya koyi tuƙi a filin makarantar garinmu, in zai tsaya sai ya taka birki yana yi mata tsawa yadda yake yi wa jaki. Abin da jakai suke kwasa a mako ita a yini take kawowa. Ranar kasuwa ya wanke ta ya ɗauki mata da kayansu, mai naƙuda ita, kayan amarya ita. Ba ta tashi da makulli sai an tura, don haka a gangaren masallaci take kwana, masu fitowa daga sallar asuba su ne 'yan turi. Da mai ya yi wuya ya riƙa saye a wajen 'yan bumburutu, bai kuma ƙara wa manoma kuɗi ba sai da na tsaya a kansa. A shekarun da wasu garuruwa suke cin dusa, gonakinmu ba su ji kunya ba. Ya yi wa Huseina ɗakin kwano, ya sa yara a makaranta.

Ashe tun lokacin cinikin motar, ruwa ya kai wa Kawu wuya. Kayan da ya karɓa bashi bai biya ba, waɗanda ya ba kaya sun gudu, naira ta sake faɗuwa. Ya yi ta rufa wannan da wancan har abin ya ƙi rufuwa. Da ya ga ba mafita, da ƙafarsa ya je gaban alƙali ya ce bashin da ke kansa ya fi abin da ya mallaka, a karɓi dukiyarsa a raba wa masu binsa. Ranar da labarin ya iso na yi kuka, don kawuna ne, kuma ya sha yi mana alheri.

Ba a jima ba, da bazara, hadari ya fara haɗuwa kowa yana rububin taki kafin ruwan shuka, sai ga masinjan kotu har gona da sammaci. Ya ce motar tana cikin dukiyar Alhaji Khalilu, da sunansa ma take a takardunta. Nababa ya sauke takin da ke ciki, ya share ta, ya miƙa makulli. Har tura musu ya yi ta tashi.

Ranar zama muka je birni a motar haya, ni da shi da Huseina. Ga motarmu a gindin darbejiya a harabar kotu. Kawu yana zaune a benci, ya rame, babbar rigarsa kamar ta aro. Masu bin bashi sun wakilta wani Alhaji Abdussalam, shi ma dilan atamfa ne. Ba mugu ba ne, shi ma wasu ne a wuyansa.

Alƙali ya yi bayani yadda kowa zai gane. Ya ce wanda bashi ya cinye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta, don da kayan mutane yake yi. In motar nan kyauta ce, za ta koma cikin abin da za a raba. In kuwa ciniki aka yi aka biya, ta mai saye ce, ba mai taɓa ta.

Alhaji Abdussalam ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba sai an wahala ba. Garinsu gaba ɗaya sun zo godiya."

Aka kira Liman da mai unguwa. Bayin Allah, su a zatonsu taimakon Nababa suka zo yi. Liman ya gyara rawani ya ce tabbas kyauta ce, da bakinsa ya yi addu'ar. Mai unguwa ya ƙara da cewa har kaji aka kai, da ƙuli-ƙulin Safara'u. Na ji kamar in haɗiye zuciya.

Alƙali ya juya ga Kawu. "Alhaji Khalilu, kyauta ce ko ciniki?"

Kawu, kansa a ƙasa, ya ce, "Abin da jama'a suka sani ke nan." A lokacin haushinsa na ji. Daga baya na gane, bene ya tafi, kanti ya tafi, abin da ya rage masa a duniya sunan nan ne na mai kyautar mota.

"Kai fa, Malam Nababa?"

Nababa yana durƙushe, ya ce, "Abin da Kawu ya faɗa shi ne, Allah ya gafarta Malam."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Wallahi saye ya yi! Ina jakansa? Ina bajimansa? A tambayi Basiru dillali!" Ɗan sandan kotu ya daka min tsawa, na mayar masa. Alƙali ya tambayi ko ni wace ce, na ce yayarsa ce, har adashina yana cikin motar. Ya yi murmushi ya ce mai adashi a cikin mota ba ta shaida a kanta, kuma shi mai motar bai ce tasa ba ce. Amma ya ɗaga zaman, ya ce a zo masa da Basiru.

Na sami Basiru a kasuwar shanu. Ya ce, "Safara'u, ba zan yi ƙarya a kotu ba, amma amana aka ɗaura min. Dillalin da ya kwance amana, wa zai sake ba shi saniya? Sai in wanda ya ɗaura ya ce in faɗa." Na zage shi, na wuce gidan Nababa na ɗora daga inda na tsaya. Na ce masa ba jaki, ba sa, ba mota, da me zai ciyar da yara? Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Yaya, mutumin nan ya ba ni 'yarsa ina warin bola. Yau an tsiraita shi a gaban kasuwa, ni ne zan cire masa ɗan abin da ya rage? Mota ƙarfe ce. Na saba da jaki." Huseina tana bakin murhu tana hawaye, ga uba ga miji. Na koma gida ni ma na yi nawa, haushi da tausayi a haɗe. Washegari Nababa ya ari jaki a wajen maƙwabci ya kama hanyar birni a ƙafa.

Ranar zama na biyu, kafin a kira kowa, Kawu ya miƙe ya nemi izinin magana.

"Allah ya gafarta Malam, ina zaune a ɗakin da aka ara min a unguwar Bacirawa sai na ji kukan jaki a ƙofa. Yaron nan ne, a ƙafa tun daga ƙauye. Ya sauke min gero da itace, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tafi. Ko sunan mota bai ambata ba. Na kasa cin geron nan." Ya numfasa. "Ban ba shi ba. Sayar masa na yi, da tsada ma, ya biya ni tas. Ni na ce a ce kyauta ce don kada a gane halin da nake ciki. Basiru, na kwance ka, faɗi."

Ashe Basiru a cike yake. Ya faɗi yadda ya kai kuɗin, ya faɗi inda suka zauna, ya shiga kwatanta bajiman, ɗaya fari mai baƙin kunne, har sai da alƙali ya ce ya isa haka. Liman yana ta salati. Mai unguwa kuwa da ƙarfi ya ce, "To kajinmu fa?" Kotu ta kwashe da dariya, har alƙali ya rufe baki da hannun riga.

Alhaji Abdussalam ya ce shi bai ƙi ba, amma suruki da suruki suna iya haɗa baki, kuma shaida ɗaya ce. Alƙali ya ce gaskiya ne, sai a cika da rantsuwar mai mota. Nababa ya fita ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani, ya tsaya, gumi yana karyo masa. Shiru. Aka ce ya rantse, shiru.

"Malam Nababa, me kuma ya faru?"

"Allah ya gafarta Malam, in na rantse ai na ƙaryata Kawu ke nan."

Alƙali ya dafe kai. Ni kuwa har na fara kwance mayafi, sai Kawu ya riga ni. "Kai Nababa! Ni na ƙaryata kaina, kai wane ne? Rantse, sakarai, kada ka kashe ni!"

"To, Kawu," in ji shi. Ya rantse, alƙali ya yanke cewa mota tasa ce, ya kuma umarta a sauya takardunta da sunansa kafin ta sake hawa titi da kaya. Da aka miƙo makulli Nababa bai karɓa ba sai da ya je ya durƙusa ya ba Kawu haƙuri.

Huseina ce ta ce ubanta ba zai koma ɗakin aro ba, da mu za shi. A garinmu ya ƙarasa rayuwarsa, kuma bai zauna a banza ba. Kujerar gaba ta zama tasa. Shi ke cinikin taki da masu bola a birni, mutumin da ya saba cinikin atamfa, har tsoron ganinsa suke yi. Manoman da suka saba cewa sai kaka suka shiga taitayinsu, ni ma na huta da yawon gida-gida.

Amma bari in ƙarasa muku labarin ranar kotun. Motar ta daɗe a tsaye, ta ƙi tashi. Liman ya naɗe hannun riga, mai unguwa da Basiru suka kama, har Alhaji Abdussalam ya zo ya sa kafaɗa, aka tura ta ta yi tari ta kama. Kawu ya shiga gaba, mu duka muka hau baya. Ba ta da gilashin baya, don haka ina jin duk abin da ake faɗa a ciki. Muna fita daga harabar kotu Kawu ya shafa gaban motar.

"Nababa, ka ga ikon Allah. Duk abin da na ce nawa ne an raba shi. Wannan da ba tawa ba, ita ce ta ɗauke ni."

Nababa, idonsa a kan titi, ya ce, "Ai taka ce, Kawu."

Na dinga dukan rufin motar da tafin hannu. "Kul! Wallahi kul! Ko ƙofar kotu ba mu gama fita ba! Liman, ba ka ji komai ba, ka ji ko?"

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗo cinyarsa. Ya daɗe yana share ido da hannun riga, kuma ba duka ne na dariyar ba.